A daina zagin masu tura saƙo

A wannan makon na saurari wani shirin lafiya a rediyo, baƙon da aka gayyato ya cinye kusan rabin lokacin yana caccakar masu tura saƙonnin cuta a WhatsApp da Facebook. Wai jahilci ne da neman suna. Raina ya ɓaci, domin na san mutanen da yake nufi. Iyayenmu mata ne na Gyadi-Gyadi, da 'yan kasuwar Tarauni, da 'yan Adaidaita Sahu da ke jiran fasinja a ƙofar Asibitin Malam Aminu Kano, suna ganin wanda aka shiga da shi da wanda aka fito da gawarsa.

Sai wanda ya manta da Afrilun 2020 zai kira wannan neman suna. An kulle garin Kano saboda korona, ga azumi ya kama, asibitoci masu zaman kansu da dama sun daina karɓar marasa lafiya. Dattawa na ta faɗuwa, har masu haƙar kabari suka fara faɗa da bakinsu cewa aikin ya fi ƙarfin yadda suka saba. Ɗakin gwajin korona na Asibitin Malam ya tsaya da aiki na kwanaki. Gwamnatin Ganduje ta ce hawan jini ne da ciwon suga da sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro. Sai a watan Yuni Ministan Lafiya Osagie Ehanire ya fito ya ce an ƙirga mutum 979 da suka rasu a ƙananan hukumomi 8, kuma ana kyautata zaton kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari korona ce sanadi. To tsakanin Afrilu da Yuni, mai tsoho a ɗaki yana numfashi da ƙyar, wa zai tambaya? Wayarsa ce kaɗai ke amsa masa.

Ku lura da yadda saƙon yake tafiya. Yawanci murya ce, ba rubutu ba. Hajiya za ta kara wayar a kunne ta saurara har ƙarshe, ta yi salati, sannan ta miƙa wa jikanta: "Ungo, tura wa Yaya ta Hotoro, ita ma mijinta na tari." Ba ta neman kowa ya san ta. Tsoronta ɗaya ne, kada wani abu ya sami 'yar'uwarta alhali ta ji magani ta yi shiru. A wajenta wannan zumunci ne, kuma tana fatan lada. Da wannan hannun ake tura cigiyar yaro da sanarwar jana'iza, da shi ake tura "ana neman jini da gaggawa", kuma matasa su bar abin da suke yi su je su bayar. A Maris ɗin 2021, lokacin gurɓataccen ɗan tsami da ya sa mutane fitsarin jini, irin waɗannan saƙonnin ne suka sa iyaye da yawa hana yara shan kayan sanyin da ake ƙullawa a leda. Ban ji wanda ya kira su jahilai a ranar ba.

Ban manta da saƙon shan ruwan gishiri don kariya daga Ebola na Agustan 2014 ba, wanda har rai aka rasa a dalilinsa, kuma ban ce duk abin da aka turo gaskiya ne ba.

Amma in za a kama mai laifi, a kama wanda ya ƙirƙiri saƙon. Na daɗe ina fama da masu tallar magani da lasifika a bakin kasuwa, masu kwalba ɗaya mai warkar da basir da taifot da sanyi. Yanzu sun koma TikTok. Da zarar annoba ta ɓulla sai su naɗi murya, su fara da ayar Alƙur'ani, su ƙare da lambar waya. Waɗannan 'yan kasuwar tsoro ne, suna cin abinci da hawayen mutane, kuma lambarsu na nan a fili ga duk hukumar da ke son kama su.

Su ma hukumomin ba su kuɓuta ba. Da mashaƙo ya addabi Kano a 2023 fiye da kowace jiha, cutar da ke da rigakafi tun da daɗewa, an yi ta mamakin iyayen da ba su kai yara allura ba. Wane mamaki? Garin da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yaransa a 1996, garin da ya dakatar da rigakafin shan-inna daga 2003 zuwa 2004, ba a shawo kansa da takardar sanarwa cikin Turanci. Uwar da ɗanta ya kasa haɗiyar yawu, wuyansa ya kumbura, so take ta ji da Hausa: mene ne wannan, wane asibiti, nawa za ta riƙe.

Ya kamata Ma'aikatar Lafiya ta samo likitan da mutane suka san muryarsa, ya naɗi minti ɗaya kowace safiya a lokacin annoba, ya faɗi sunansa da kwanan wata, har da adadin waɗanda aka rasa. A bai wa masu unguwanni da limamai da malaman Islamiyya su saka a zaurukansu na WhatsApp. Hajiya za ta tura shi Hotoro kafin azahar.