Giya Ta Auri Kiɗa: Hattara Matasan Kabi!

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Ya ku 'yan uwa matasa, akwai wani salo da 'yan jari-hujja masu sana'ar giya suka ɓullo da shi, wanda ya wajaba duk mai kishin addini a Birnin Kebbi da Argungu ya san da shi tun bai ƙwanƙwasa mana ƙofa ba. A da, kamfanin giya allo yake kafawa a bakin titi ya jira mashaya. Daga baya ya gano cewa allo ba shi da mabiya, amma mawaƙi yana da su.

A shekarar 2013, a garin Stockport na ƙasar Ingila, wani kamfanin giya na iyali mai suna Robinsons ya haɗa kai da ƙungiyar makaɗa ta Iron Maiden, suka fitar da giya ta musamman, suka raɗa mata Trooper, sunan wata waƙarsu. Zabiyan ƙungiyar, Bruce Dickinson, da kansa ya sa hannu wajen zaɓen ɗanɗanonta, aka kuma manna hoton dodon nan da ke jikin faya-fayensu a kan kwalbar. Nan da nan giyar ta tsallaka teku zuwa ƙasashe da dama. To me kamfanin ya saya? Ba kiɗa ya saya ba, zukatan masoya makaɗan ya saya. Yaron da ya ɗaga kwalbar ba ya jin cewa giya yake sha, ji yake yana jaddada mubaya'a ga gwaninsa.

Kada wani ya ce ai wannan can ƙasar Turawa ne. Kamfanin Nigerian Breweries, wanda aka kafa a 1946 a zamanin mulkin mallaka, ya fitar da kwalbar Star ta farko a 1949, ya kuma buɗe masana'anta a Kakuri ta Kaduna a 1963. Shi ne ya riƙa shirya casun Star Mega Jam, har ya ɗauko mawaƙin Amurka 50 Cent a 2004. Da ya ga kiɗan waje bai kai kowane lungu ba, sai ya bi kowace al'umma da gangarta: giyar Goldberg ta shirya wa Yarbawa gasar kiɗan fuji da juju mai suna Ariya Repete, giyar Life kuma ta shirya wa Ibo gasar Hi-Life Fest. To wace ganga ce ta rage? Kalangu da kotso da gurmi. In gemun ɗan uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Mu Hausawa ba ma buƙatar a ba mu labarin ƙarfin waƙa. Alhaji Mamman Shata, Allah Ya gafarta masa, ya rasu tun 1999, amma har gobe akwai mashayan da ke kafa hujja da waƙarsa ta A Sha Ruwa tamkar fatawar malami. Wannan waƙa ɗaya ke nan. Ina ga in kamfani mai biliyoyin naira ya tsaya a bayan mawaƙi?

Wani zai ce ai Jihar Kebbi ta ƙaddamar da Shari'a tun shekarar 2000, giya ba ta da mazauni a nan. Madalla. Amma doka tana iya tare babbar mota a kan hanya ta fasa kwalabe, ba ta iya tare waƙar da ta shigo ta wayar da ke aljihunka. Shi kuwa sha'awar maye, in an riga an dasa ta a zuciya, ba ta rasa kwalbar da za ta shiga. Mun ga yadda ta koma kwalbar maganin tari, har gwamnatin tarayya ta hana shigowa da haɗa mai kodin a cikinsa a 2018.

A nan ne ya kamata mu zuba ido a kan bikin kamun kifi na Argungu. Tushensa ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo a 1934, wadda ta tabbatar da sulhu tsakanin Kabawa da Sakkwato bayan dogon yaƙi. UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 2016, aka kuma farfaɗo da shi a 2020 bayan shekara goma ba a yi ba. Dubban masunta a Matan Fada, ga makaɗa, ga 'yan kokawa, ga kyamarorin duniya: irin dandalin da 'yan kasuwa ke zubar da yawu a kansa ke nan. Ba kuwa da kwalbar Star za su yi sallama ba. Maltina ba ta sa maye, ba mu kuma ce haramun ce ba, amma ɗan uwa ya sani cewa ita da Star da Gulder uwarsu ɗaya, aljihunsu ɗaya. Wanda ya biya makaɗi, shi ke zaɓen kiɗan.

Allah Ta'ala Ya haramta giya a aya ta 90 cikin Suratul Ma'ida. Hadisin da Tirmizi da Ibnu Majah suka ruwaito ya nuna cewa la'anarta ba a kan mashayi kaɗai ta tsaya ba, ta haɗa mutum goma, har da mai tatsa da mai dako da mai sayarwa da mai cin kuɗinta, wal'iyazu billah. Aya ta 2 a wannan Surar kuma ta hana taimakekeniya a kan saɓo. To mai yi mata kirari a bainar jama'a, da mai biyan kuɗin shiga yana tafa masa, ina matsayinsu?

Wannan ƙasa ce ta Malam Abdullahi na Gwandu, wanda tun a littafinsa Tazyinul Waraƙati ya koka da yadda son duniya da shagala da kaɗe-kaɗe suka janye wasu daga manufar jihadi. Don haka aikinmu a fili yake. Mu ƙaurace wa duk taron da kamfanin giya ya ɗauki nauyinsa, ko da wane suna ya zo. Mu share irin waɗannan waƙoƙi daga wayoyinmu. Mu je wa makaɗanmu da mawaƙanmu da nasiha cikin ladabi, domin 'yan uwanmu ne, talauci ne ƙofar da ake shigo masu ta ita. Mu kuma roƙi iyayenmu sarakuna da masu shirya biki su tantance kuɗin wanda za su karɓa. Ba da sanda ko jifa ba, da ilimi da haƙuri da kame aljihu.

Allah Ya tsare mana imaninmu da hankulanmu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.