TAKARDAR WAKILCI BA MAKULLIN ƘOFAR MAHAIFI BA CE

Bismillahir Rahmanir Rahim. Ya ƴan'uwa Musulmi, wata ɓarna tana yaɗuwa a gidajenmu. Tsoho ya raunana, ya sa hannu a takarda domin ɗansa ɗaya ya riƙa karɓar masa kuɗin ritaya a CNSS ko kuɗin hayar shagonsa. Daga nan sai ɗan ya mai da kansa mai gadi: ƴar'uwarsa ta taso daga Tawa a ce mata baba yana barci, ƙaninsa ya kira daga Yamai a hana shi jin muryar mahaifinsa. Hujjarsa ɗaya: takarda tana hannuna.

Wannan zalunci ne. A fiƙihun Malikiyya wakili amintacce ne, ba ya ƙetare abin da aka wakilta shi a kai, kuma mai wakiltawa yana da ikon sauke shi. Muhtasar na Shehu Halilu ya bayyana cewa ko wakilin da aka sakar wa komai ba ya sakin matar mutum, ba ya sayar da gidan da yake zaune a ciki, sai da izini na musamman. To wanda bai mallaki sayar da gidan ba, yaya zai mallaki raba mai gidan da ƴaƴansa?

Kyautata wa iyaye idan tsufa ya riske su, wanda aya ta 23 a Suratul Isra'i ta wajabta, yana kan wuyan kowane ɗa da ƴa. Mai tare ƙofa ya hana su farilla, ya jefa kansa cikin gargaɗin yanke zumunta na ayoyi 22 da 23 a Suratu Muhammad.

Wani zai ce likita ya umarci tsoho ya huta, ko masu zuwa kuɗi suke nema. Sai a tsara lokacin gaisuwa, a tsare dukiyar, a bar ƙofa a buɗe. Idan tsoho da hankalinsa, shi ke faɗin wanda zai gani. Idan hankalin ya gushe, alƙali ne ke naɗa mai kula da shi, tsohuwar takarda ba ta wadatar.

Wanda aka hana, ya kai maganar ga baffanni da limamin unguwa, in ta ƙi, ga alƙali. Kai kuma mai takarda, ka ji tsoron Allah, ka buɗe ƙofa tun baba yana raye.

Allah Ya sa mu gama da iyayenmu lafiya. Amin.