A ja waya har ɗakunan kwanan ɗalibai

Ɗalibin jami'a yawancin karatunsa da dare yake yi, a ɗakin kwana, bayan an rufe ɗakin littattafai. To, me ya hana a ja wayar sadarwar jami'a har gidajen kwana, kowa ya jona kwamfutarsa ya sami darussa, ba sai ya ƙarar da ɗan kuɗin bursa wajen sayen kiredi ba?

Mahukunta za su ce baitulmali babu kuɗi. Amma ƙasar da ta buɗe jami'o'i a Maraɗi, Damagaram da Tawa ba za ta kasa jan waya daga gini zuwa gini ba. Babbar matsalar ita ce kuran: kowa ya shaida duhun da aka shiga a 2023 da Najeriya ta yanke wuta. Ke nan dole a haɗa aikin da allunan hasken rana.

Kwangilar kuwa a ba da ita a bainar jama'a, kada ta faɗa hannun ɗan jam'iyya. Kuma kada wayar ta zamo hanyar leƙen asirin 'yan USN, waɗanda jininsu ya zuba a gadar Kennedy ranar 9 ga Fabrairu 1990.