AN BAR JAKI ANA DUKAN TAIKI

Jama'a, tun da rahoton hatsarin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna ya fito nake ganin wasu a nan Facebook suna cewa a dakatar da direba, a kori duk wanda yake bakin aiki ranar, kowa ya huta. Har da mutanenmu na Funtuwa, waɗanda iyayensu suka ci abinci da reluwe. Ni dai ban yarda ba, kuma ga dalilina.

Ranar 26 ga Agusta, 2025, jirgin ya sauka daga kan dogo a tashar Asham, ɗauke da mutum sama da 600. Allah Ya kiyaye ba a rasa rai ba, amma an ji raunuka. Hukumar Jiragen Ƙasa, NRC, ta yi nata binciken na cikin gida, ta ce kuskuren ɗan Adam ne: gudu ya yi yawa, kuma ba a taka birkin gaggawa yadda ya dace ba. Wato dai direba. Ita kuwa NSIB, hukumar da dokar 2022 ta ɗora wa binciken haɗurran sama da ruwa da dogo, rahotonta na farko wani abu daban ya faɗa. Na'urar da ke sauya wa jirgi layi a wurin ta lalace, da hannu ake juya ta, sannan a danne da ƙarfe. Ƙarfen ma an same shi a karye. Watanni 13 kafin nan wani jirgin ya taɓa sauka a wannan wurin, aka yi wa abin da ya lalace faci aka wuce. Ma'aikatan kuma tun horon farko ba a sake mai da su aji ba.

To don Allah, a cikin waɗannan wanne ne aikin direba? Shi ke sayen kayan gyara? Shi ke sa hannu a takardar fitar da kuɗi?

Wanda bai taɓa tsayawa ya kalli yadda ake aiki a filin tasha ba yana zaton tuƙin jirgi kamar tuƙin Golf ne. Jirgi ba shi da sitiyari, malam. Inda dogo ya nufa nan zai bi. Idan layi ya rabu biyu, wasu siraran ƙarafa ne ke matsawa hagu ko dama su ɗora ƙafar jirgi kan layin da ake so. In ba su manne sosai ba, ƙafar gaba ta bi nan, ta baya ta bi can, sai dai a ji ƙara. Haka wajen jera taragai: kan jirgi yana turo su da baya, direba ba ya ganin ƙarshensu, da idon wani yake gani, mai tuta ko mai rediyo a ƙasa. Rediyo ta mutu, ko fitila babu, ko taragon da aka ajiye birkin hannunsa ya cinye ya gangaro, karo ya auku. Sai a buga takarda: wane, an dakatar da kai har a gama bincike. Wanda ya karɓi rahoton lalacewar rediyon ya sa a durowa, shi ne ma zai shugabanci kwamitin.

Wani zai ce ai dakatarwa ba kora ba ce. Wallahi wanda bai taɓa jiran albashi ba ne ke faɗin haka. A ƙa'idar aikin gwamnati iri biyu ce: akwai wadda ake ba ka rabin albashi, akwai wadda ake tsayar da shi ɗungurungum. Mutum mai mata da 'ya'ya da kuɗin haya, a wannan tsadar, ka riƙe masa albashi wata shida kana "bincike", ai ka riga ka yanke masa hukunci. Ko daga baya an wanke shi, wa zai biya shi buhun masarar da ya ci bashi? A unguwa kuma sunansa ya zama wanda ya kayar da jirgi.

Ba ina cewa direba mala'ika ba ne. In ya yi gudu, a fito da ma'aunin gudun a nuna masa, a gaban wakilin ƙungiyarsa, a ba shi dama ya kare kansa kamar yadda sashe na 36 na kundin tsarin mulki ya tanada, in bai gamsu ba ga Kotun Ma'aikata nan. Amma hukumar da ake zargi da barin kaya su lalace ba za ta zama mai ƙara, ta zama shaida, ta kuma zama alƙali ba. Shugaban NRC, Kayode Opeifa, ya fito ya ce ya ɗauki alhakin abin da ya faru. Madalla. Sai dai ɗaukar alhakin da ba ya taɓa kujera ko albashi, ko ni ma zan iya.

Abin da ya fi damuna ma shi ne abin da irin wannan hukunci ke koya wa sauran ma'aikata. In yaro ya ga an dakatar da abokin aikinsa don ƙarfe ya karye a hannunsa, gobe in ya ga tsagewa a dogo zai yi shiru ne, kada a ce shi ya fasa. Shi ya sa a harkar jiragen sama ake raba bincike da hukunci, don mutane su faɗi gaskiya a gyara.

Me ya haɗa mu da wannan, mu da ke Funtuwa da Malumfashi? Layin Zariya zuwa Ƙauran Namoda, wanda aka kammala a 1929, ta garinmu ya ratsa, shi ya kwashi audugar yankin nan shekara da shekaru har Funtuwa ta zama Funtuwa. Yanzu an buɗe mana tashar tsandauri a watan Mayun 2024, kullum muna roƙon a dawo da jirgi ya ɗauki masarar Dandume da waken suya da auduga, tireloli su sarara wa hanya. Duk ranar da aka amsa roƙon, su wa za su tsaya cikin rana suna juya layi da haɗa taragai a kan wannan tsohon dogo? Ba 'ya'yan manya ba ne. Ƙannenmu ne na Bakori da Ɗanja da Ƙafur, masu difloma da ke neman ko wane irin aiki. Dokar da kuke tafa wa yau, su za ta fara ci.

'Yan majalisarmu na shiyyar Funtuwa, ku tambayi NRC a rubuce: a cikin shawarwarin gyara da NSIB ta bayar, nawa aka aiwatar kafin jirgi ya dawo aiki ranar 1 ga Oktoba? Sannan wa ya sa hannu aka ci gaba da bin wannan layi da na'ura a lalace? Sunan nan muke son ji.