Sai Makaho Ya Kawo Takarda Kafin A Yarda Ba Ya Gani?

Wai don Allah, wa ya yanke cewa ɗalibi mai buƙata ta musamman sai ya wahala sau biyu kafin ya zauna jarrabawa? Ga larurarsa tana cinsa, sannan a ɗora masa yawon neman takarda. Yaro ya shigo ofis a kan keken guragu, shan-inna ta shanye masa ƙafafu tun yana goye, roƙonsa kawai a sauko masa da jarrabawa daga saman bene, sai a ce ya je ya kawo rahoton likita. Ina ce gani ya kori ji?

To, ya tafi. Kun san asibitin gwamnati, ba sai na faɗa muku ba: sammako, yankan kati, layi har azahar, likita ya shiga tiyata, a dawo mako mai zuwa. Mai matsalar ji kuwa, in garinsu babu na'urar gwaji, sai ya nemi kuɗin mota zuwa birni irin Kaduna, inda cibiyar kula da kunne ta ƙasa take. Daga aljihun wa? Na uban da sai da ya sayar da hatsinsa kafin ya haɗa kuɗin rajista. Ya kawo takarda, a ce babu hatimi. Ya samo hatimi, a ce sai ta asibitin makaranta. Shugaban sashe ya tura shi wajen jami'in jarrabawa, shi kuma ya ce fayil bai iso ba. Kafin amincewa ta fito an gama jarrabawar. Ihu bayan hari!

Abin da ya fi ƙona min rai, shekara na zagayowa a ce ya sabunta. Ya sabunta me? Idon da ya mutu cikin hutu ya farfaɗo?

Wanda larurarsa ba ta fito fili ba kuwa, tasa ta fi muni. Mai sikila, mai farfaɗiya, kallon maƙaryaci ake yi masa: "Ga ka nan garau, me ke damunka?" Ciwon sikila ba ya sallama kafin ya taso. Ya kayar da yarinya a makon jarrabawa, ta fito daga gadon asibiti, a ce ta sake kwas ɗin baɗi.

Kuma fa akwai doka. Najeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2010. A Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar hana nuna musu wariya, wadda ta ba gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara hanyoyin shiga. Wa'adin ya cika a farkon 2024. Ku leƙa manyan makarantunmu ku ƙirga matakala. Ɗalibi ya makara da takarda a hukunta shi, makaranta ta makara da bin doka ko a jikinta.

Kada wani ya ce ba zai yiwu ba. Tun 2017 hukumar JAMB take da kwamiti na musamman da ke shirya wa makafi jarrabawa a cibiyoyin da aka ware musu. An taimaka musu sun shigo manyan makarantu, a ciki kuma sau da yawa babu littafi da rubutun makafi, babu mai fassara da maganar hannu, ƙarin lokaci sai malami ya ga dama.

Za a ce akwai masu ƙarya. To a kama maƙaryacin a hukunta shi, a daina gallaza wa masu gaskiya saboda shi. A duba ɗalibi sau ɗaya a asibitin makaranta, kyauta, tun ranar rajista. Ofis ɗaya ya riƙe takardar ya sanar da kowane sashe, in larurar ta dindindin ce ta yi aiki har ya kammala. Haƙƙinsu ne, ba sadaka suke roƙo ba. Makarantar da ta iya karɓar kuɗinsu cikin minti kaɗan ba ta da hujjar sa su jiran wata da watanni.