Sharhi: Ƙarar kunne da magani ta intanet

Sharhinmu na yau a kan wata lalura ce da mai ita kaɗai ke jin ta. Dare ya tsala, kowa ya yi barci, shi kuwa kunnensa na ta kuka kamar gyare, ko yana shuuu kamar rediyon da ba ta kama tasha ba. Wani babban nazari da aka fitar a shekarar 2022 ya ƙiyasta cewa manya sama da miliyan 740 a duniya na fama da wannan ƙara.

Galibi tana biyo bayan raunin ji ne. Tsufa na kawo ta, haka ma daɗewa kusa da injin niƙa, janareto ko lasifikar biki, da wasu magunguna irin su kwinin da asfirin in an sha da yawa. Idan kunne ya rage aika saƙo, sai ƙwaƙwalwa ta ƙara kasa kunne, har ta riƙa jin abin da babu shi a waje.

Har yau ba a samu ƙwayar da ke kawar da ita ba. Abin da masana suka gano shi ne, tsoro da damuwa ne ke rura wutarta. Mai gida a bakin titi ba ya jin motoci, baƙonsa ne ke kwana ido biyu. A kan wannan hikima aka gina maganin: a koya wa ƙwaƙwalwa ta saba da ƙarar har ta daina kula ta.

Hanya ta farko ita ce horon sauya tunani, wanda likitoci ke kira CBT. A Suwidin, Farfesa Gerhard Andersson da abokan aikinsa sun gwada bayar da shi ta intanet tun 2002. Mutum na bin darussa mako-mako a wayarsa, yana koyon kwantar da hankali da gyara barci, ƙwararre kuma na bibiyarsa daga nesa. A 2020 hukumar NICE ta Ingila ta sanya wannan tsari cikin shawarwarinta ga likitoci.

Hanya ta biyu ita ce sauti: ƙarar ruwan sama, fanka ko rediyo ƙasa-ƙasa, musamman da dare. Ba a so sautin ya danne ƙarar gaba ɗaya, domin ƙwaƙwalwa ba ta sabawa da abin da ba ta ji.

Sai dai akwai sharaɗi. Waya ba ta leƙa cikin kunne. Idan ƙarar a kunne ɗaya take, ko tana bugawa tare da zuciya, ko ji ya ɗauke farat ɗaya, a garzaya asibiti. A Kaduna ma akwai Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa. A guji ɗiga mai ko cusa tsinke a kunne, a kuma yi hattara da masu tallar maganin sha-yanzu-magani-yanzu a Facebook.

Muna kira ga ƙwararrunmu da su samar da irin waɗannan darussa da Hausa, a murya, don mai niƙa da direba su amfana. Kai kuma mai fama da ita, ka sani ba taɓin hankali ba ne. Je a auna jinka tukuna, sannan ka ɗauki waya.