Hannun da Ya Iya Naɗa Waya Kada Ya Naɗa Mana Cuta



A wannan makon zan yi magana ne a kan wani abu da ya faru da abokina. Na nemi izininsa kafin in rubuta, ya ce in rubuta amma kada in faɗi sunansa. Don haka duk wanda ya tare ni lokacin tara yana tambayar ko wane ne, ya sani ba zan faɗa ba.

Abokin nan nawa Allah ya ba shi hannu. Tun muna firamare yake gyara tocila da rediyo da caja da fitilar sola. Yana da wani gwangwanin madara da yake ajiye kayan aikinsa a ciki: ƙaramar filaya, sukundireba guda biyu, almakashi, hantsaki, guntayen waya, da wata tsohuwar mita ta auna wuta da kawunsa ya ba shi. Idan fitila ta mutu a unguwarsu, wurinsa ake aiko ta.

A hutun da ya wuce wani saurayi ya kawo masa wani abu mai kama da babban biro. Shi ne abin da samari ke kira shishar aljihu, wasu kuma su ce sigarin lantarki. Ya ce ta daina fitar da hayaki, a duba masa.

Abokina ya ce, "Yaya, ni ban taɓa gyara irin wannan ba."

Saurayin ya ce, "Haba ƙanena, kai da ba abin da ke gagarar ka? Ga ɗari biyar."

Ya kuma buɗe masa bidiyo a wayarsa. A bidiyon wani Bature ne zaune gaban tebur, ya jera kayan aiki, yana naɗa siririyar waya da hannunsa don irin wannan shishar. Abokina ya duba ya ga kusan duk abin da ke kan teburin Baturen akwai irinsa a gwangwaninsa. Sai ya ji ai abin ba wuya. Ya karɓi kuɗin.

Bari in gaya muku abin da ya gani da ya buɗe ta, domin yawancin masu zuƙar ta ba su san abin da ke cikinta ba. Akwai batir. Akwai wani ruwa mai danƙo mai ƙamshin mangwaro. Akwai auduga da ke tsotsar ruwan. Sai kuma waya siririya da aka naɗe. Idan mutum ya zuƙa, batir yana tura wuta cikin wayar, ta yi zafi, ta mayar da ruwan tururi, tururin ya wuce cikin huhu. Hikimar iri ɗaya ce da ta hitar dafa ruwa da dutsen guga na lantarki: wuta na bi ta cikin waya mai tauye ta, wayar ta ɗauki zafi. A wadda aka kawo masa, wayar ta yi baƙi ƙirin, audugar ta ƙone.

Ya yi dabarunsa har ta fara aiki. A nan ne matsalar ta taso. Kowane mai gyara sai ya gwada aikinsa kafin ya miƙa wa mai shi. Tocila ana danna ta a ga haske. Rediyo ana kunna shi a ji magana. Fanka ana sa ta a ga tana juyawa. To ita wannan da me ake gwada ta? Da baki da huhu. Abokina ya zuƙa sau ɗaya, ya yi tari. Ya sake zuƙa don ya tabbatar. Kafin magariba kansa na juyawa, zuciyarsa na tashi, har ya yi amai a bayan gida. Ya ce wa mahaifiyarsa wai rana ce ta buge shi.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne abin da ya biyo baya. Saurayin ya gaya wa abokansa, su ma suka fara kawo nasu. Duk wadda ya gyara sai ya gwada. Bayan mako biyu amai ya daina zuwa. Shi da kansa ya gaya mini cewa har ya fara jin daɗi idan aka kawo masa wata, kuma ba don kuɗin kaɗai ba.

Ga ra'ayina a fili: duk ɗalibin da ya iya gyara, kada ya karɓi gyaran shishar aljihu, kada ya naɗa mata waya, ko nawa za a ba shi. Ina da dalilai huɗu.

Na farko na riga na faɗa. Wanda ya fara gyara ta ya kama hanyar zama mai shan ta. Mafi yawan ruwan da ake zuba mata yana ɗauke da nikotin, sinadarin nan da ke cikin taba wanda ke hana mai shan sigari dainawa. Likitoci sun ce ƙwaƙwalwar mutum ba ta gama girma sai wajen shekara 25, kuma nikotin ya fi saurin kama ƙwaƙwalwar da ba ta gama girma ba. Yana taɓa natsuwa da riƙe karatu. Mu da ke da shekara 12 zuwa 15, ga jarrabawa a gabanmu, ina ruwanmu da abin da zai rage mana natsuwa? Ko ba a zuƙa ba, ruwan kan shiga jiki ta fata idan ya zube a hannu, kuma mai gyara ne ke taɓa shi.

Na biyu, ita wayar kanta. Wayoyin da ake naɗawa a irin wannan shishar an yi su ne da ƙarafa irin su nikel da kuromiyom. Idan aka yi ta gasa su, ɓurɓushinsu kan bi tururin. Masu bincike sun samu waɗannan ƙarafa, har da dalma, a cikin tururin sigarin lantarki. Wannan a waɗanda kamfani ya ƙera ke nan. To ina ga wadda yaro ya haɗa da guntun wayar da ya ciro daga mataccen rediyo, wadda ba wanda ya san da me aka yi ta?

Na uku, batir. Irin batirin wayar hannu ne, na litiyom. Duk mun taɓa ganin batirin waya ya kumbura. Irin wannan batirin idan aka huda shi, ko aka haɗa wayoyinsa ba daidai ba, yana iya kama wuta ko ya fashe. Tocila idan ta fashe tana hannu. Ita wannan a baki take, kusa da ido. Bahaushe ya ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Na huɗu, ba wanda ya san abin da ake ƙara zubawa a ciki. Da zarar an iya buɗe ta, kowa na iya zuba abin da ya ga dama. A Amurka, daga 2019 zuwa farkon 2020, an kwantar da mutum sama da 2,800 a asibiti saboda ciwon huhu da ya samo asali daga irin wannan zuƙe-zuƙen, kuma 68 suka mutu. Da aka bincika, yawancinsu sun sha ne ruwan da aka haɗa a bayan fage, mai ɗauke da sinadarin wiwi da wani mai da aka gauraya. Can ƙasa ce mai manyan asibitoci. Mu a nan idan huhun yaro ya lalace, sai a kama hanyar Birnin Kebbi ko Sakkwato, iyaye su sayar da abin da suka noma.

Na san akwai masu cewa ai ta fi sigari sauƙin illa. Na yarda akwai likitoci, musamman a Ingila, da ke cewa babban mutumin da ya daɗe yana shan sigari, idan ya koma wannan, ya rage wa kansa cuta. Shi ma wanda ya ƙirƙiro ta a 2003, wani mai haɗa magunguna ɗan ƙasar Sin mai suna Hon Lik, mashayin sigari ne da ke neman hanyar dainawa. Amma waɗannan likitocin su ne kuma ke cewa wanda ba ya shan sigari kada ya fara wannan, balle yaro. Mu wane sigari muke sha da za mu daina? Ita Ingilar ma ta hana sayar da irin wadda ake sha a yar tun daga 1 ga Yuni, 2025, kuma yadda yara suka rungume ta na cikin dalilan. Indiya kuwa ta hana sigarin lantarki gaba ɗaya tun 2019.

Akwai masu cewa sana'a ce, kuma ɗari biyar ba ƙaramin kuɗi ba ne a hannun ɗan makaranta. Gaskiya ne. Ni ma na san ranar da ake zuwa makaranta ba kuɗin tara. Amma mu yi lissafi. Idan mai gyara ya kamu, kuɗin da ya samu wurin mai sayar da ita za su koma, har ya ƙara da na aljihunsa. Wace riba ke nan?

Wasu kuma su ce idan bai gyara ba wani zai gyara. To wani ya gyara mana. A Nijeriya akwai dokar taba ta 2015 da ta hana a sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba taba, ta kuma hana a sa shi ya sayar. A ganina yaron da doka ta hana shi sayar da karan sigari bai kamata a miƙa masa shishar aljihu ya gyara ba. Babban da ya yi haka ya zalunce shi, ko da ya biya shi.

Ban ce a ƙwace wa kowa filaya ba. Kayan aiki ba su da laifi. Kawun abokina mai rewaya ne a nan Jega, kuma shi ne ya fara gane abin da ke faruwa, domin ya ji ƙamshin mangwaro a gwangwanin alhali ba lokacin mangwaro ba ne. Bai doke shi ba. Ya tafi da shi shagonsa, ya ɗora masa mataccen kan fanka a gaba, ya ce, "Ɗana, tunda naɗin waya kake so, ga wanda ake ci da iyali da shi. Fara warware wannan, ka ƙirga mini zagaye nawa ne."

Aikin hannu bai yi mana kaɗan ba a wannan yankin. Jega mahaɗar hanyoyi ce, motocin Sakkwato da Birnin Kebbi da Yawuri duk ta nan suke bi, kuma kowace mota na buƙatar mai rewaya wata rana. Manoman albasa na Aliero na buƙatar mai gyaran injin ban ruwa. A ƙauyukan Maiyama da namu, fitilar sola da wurin cajin waya sun zama abin yau da kullum, kuma suna lalacewa. Ga jami'ar kimiyya da fasaha a Aliero, ga kwalejin kiwon lafiya a Jega. Yaron da ya iya riƙe mita yana ɗan shekara 13 zai iya kaiwa can, idan huhunsa da ƙwaƙwalwarsa suka kai shi.

Saboda haka ina da roƙo guda uku.

Ga 'yan'uwana ɗalibai maza da mata: idan wani ya miƙo maka ya ce ka gyara, ko ya miƙo miki ya ce ɗanɗana ƙamshi ne kawai, a ce a'a tun a karon farko. Karon farko ya fi sauƙin ƙi. Wanda kuma ya riga ya fara, ya gaya wa babban da ya yarda da shi. Idan kun tsinci matacciya a hanya kada ku fasa ta don ciro batir, kada kuma ku jefa ta a wutar shara.

Ga malamanmu: muna roƙon a ba mu rana ɗaya a mako bayan an tashi, mu kawo matattun tocila da rediyo mu koyi gyara a gaban malamin fasaha. Ba sai an sayi kaya masu tsada ba, da yawa daga cikinmu na da gwangwaninsu a gida. Muna kuma roƙon a gayyato wani ma'aikacin lafiya ya yi mana bayani ranar 31 ga Mayu, wadda ita ce ranar yaƙi da shan taba ta duniya. Idan an kama ɗalibi da ita, a hukunta shi, amma a tambaye shi wane ne ya ba shi, domin yawanci akwai babba a bayan maganar.

Ga iyayenmu da yayyenmu: ku riƙa leƙa abin da muke gyarawa. Abin yana kama da biro, wani kamar abin cajin waya, kuma ba ya warin taba. Iyaye da yawa za su gan shi a ɗaki su wuce.

Yanzu abokina yana zuwa shagon kawunsa duk Asabar. Ya naɗa kan fankarsa na farko a watan jiya. Sau biyu yana kuskuren ƙirga yana warwarewa, a na uku fankar ta juya, kuma ya gwada ta ne da yatsa ɗaya a kan makunni. Samarin nan sun ƙara zuwa sau biyu, ya ce musu kawunsa ya hana. Amma ya gaya mini har yanzu idan ya ji ƙamshin alewar mangwaro, wani abu yakan motsa masa a maƙogwaro. Mako uku kacal ya yi yana gwajin nan.

Allah ya kare mu, ya sa albarka a hannuwanmu. Wanda ke da wani ra'ayi dabam ya rubuto wa ƙungiyar 'yan jarida, za mu liƙa shi a wannan allon mako mai zuwa.

Daga ɗalibin aji biyu na ƙaramar sakandare, ɗan ƙungiyar 'yan jarida.